Galo na Huɗu da Ɗiyar Fari

Tun da na dawo daga Lome wayata ba ta huta ba. Wadda ke Damagaram ta kira, wadda ke Agadas ta aiko murya, kowa tambayarsa ɗaya: "Zali, yaya jirgi? Yaya teku? Kin yi amai?" Na gaji da maimaitawa, ga rezo na Arlit da kuka sani, ana tsakiyar magana sai ya ɗauke. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku gaba ɗaya, ku da muka tashi tare a Akokan kafin a rufe ramin haƙar ma'adinai kowa ya kama gabansa. Karatuna kun san inda ya tsaya, in kun ga kuskure ku tsallake. Amma ku sani ni ba kallon gari na je ba. Na tafi da yarinya, ban kuma san ko da ita zan dawo ba.

Ga yadda abin yake. Yayana Mutari ya daɗe yana tuƙin jirgi a wani kamfani da ke Lome. Matsayinsa kopilot, wato mataimaki, mai zama kujerar dama da galo uku a kafaɗa. Kwamanda shi ke zama hagu da galo huɗu, shi ne mai jirgin. Ranar sunan ɗiyata, wadda aka sa wa sunan marigayiya Innarmu, Yaya ya ɗauke ta ya ce, "Wannan uwata ce. Ranar da na zama kwamanda zan ɗauki abata." Gwaggo Hajo, ƙanwar babanmu da ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, ta ce, "Taka ce, har abada." Mata suka yi guɗa. Ni ina ɗaki ina ji. Ɗiyar fari ce, kun san ba ni da baki a kanta. Ban taɓa faɗin sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban Gwaggo ba, ita ma Zali take ce mini kamar kowa. Yaya da matarsa Anti Binta Allah bai ba su haihuwa ba. Ni kuma tun bayanta ciki biyu suka zube.

Yarinya ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta yi baki, galo bai ƙaru ba. Na fara sakin jiki. Sai ga waya rana tsaka.

"Zali, ku shirya ke da uwata, na aiko tikiti. Ku zo ku ga an sa mini na huɗu."

Na ce, "Barka, Yaya."

Nan na tuna tun bara ya matsa aka yi mana paspo ni da ita, wai don ko ta kwana. Ashe shiri ne. Gwaggo kuma da kanta ta haɗa walis, wato akwatin yarinyar. Na tsaya ina kallo tana zuba kaya, har rigar sanyi, har ɗan kwanon da take cin abinci, har katin riga-kafi.

Na ce, "Gwaggo, ai ba daɗewa za mu yi ba."

Ta ce, "Ke me kika sani a tafiya?" Ba ta ko ɗago kai ba.

Na kira maigidana Isa, yana can wurin zinariya tun da aikin rami ya ƙare. Da ƙyar layi ya shiga. Ya ce, "Yayanki ne, Zali. Magana ce ta manya, an yi ta gaban mutane. Me kike so in ce?" Ban so ya ce komai ba. So nake ya ce a'a.

Muka shiga kar, babbar motar fasinja ta Agadas, da sassafe. Hanyar nan wadda kuka bari ta fi ta yanzu. Gudro, wato kwalta, ya zama tsibi-tsibi, direba ya fi tafiya a gefe cikin rairayi. Mun samu wuri a bayansa, wani Ba'abzine mai rawani shuɗi, Ghali ake ce masa. Ya ji wata mata tana ce mini ƙanwar mai jirgi, sai ya leƙo ta madubi.

"Yayanki shi ne wannan aparanti, yaron direban jirgi?"

Na ce, "Ba aparanti ba ne. Shi ma yana tuƙi."

"Makulli hannun wa?"

"Hannun kwamanda."

"To aparanti ne." Mota ta kwashe da dariya. Ya ce, "Ni maigidana, ranar da ya ga na fitar da kamyo daga rairayi ni kaɗai, ya jefo mini makulli, shi ke nan. Su sai sun tsufa a kujera?"

Na gaya masa abin da Yaya ya taɓa gaya mana, cewa su layi ne. Wanda ya riga ka shiga kamfani shi zai riga ka, sai an ƙirga awoyin da ka yi a sama, sai kuma wani kwamanda ya yi ritaya ko an sayo sabon jirgi. Bayan haka ma sai ka ci jarrabawa. Ghali ya ce, "Kai, gara rairayi." Bai rufe baki ba kar ta nutse har ciki. Aka ce kowa ya sauka. Wani bawan Allah ya miƙo hannu ya ɗauki yarinyar don ya taimake ni, ban san lokacin da na fizge ta ba. Ya ce, "Haba baiwar Allah, cinye ta zan yi?" Na ji kunya, amma ban sake ta ba har aka tono mota.

A Agadas mun kwana a filin kamfanin mota, kan tabarma, cikin mata. Na ɗaure bakin zanenta da nawa. Abincinmu burodi ne da shayi, sai ɗan kilishi da na yo guzuri. Cukun da na saya wa Yaya kuma na naɗe shi cikin leda uku, duk da haka wata tsohuwa ta ce wa ke ɗauke da akuya a jaka.

A Tawa wata Hajiya ta shigo ta zauna kusa da mu. Ƙatuwa, mai haƙorin Makka, da wayoyi biyu. Hajiya Rakiya, mai fataucin atamfa. Ba ta gama zama ba ta fara.

"Ɗiyarki ta?"

Na sunkuyar da kai.

"Mi sunanta?"

Na ce, "Ummi ake ce mata."

"Ina za ku?"

Na ce Yamai kawai. Ta ciro biskit ta ba yarinyar, ta ɗora ta a cinya, tana shafa mata kitso. Da muka wuce Ƙonni sai ta ce ita Lome za ta, jirgin jibi. Jirginmu ke nan. Na ce a raina Yaya ne ya turo ta don ta saba da yarinyar tun a hanya. Daga nan duk shingen jandarma da aka sauke mu, sai in saɓa yarinyar a kafaɗa in yi nesa da ita. Biskit ɗin da ya rage ma na jefar ta taga. Allah ya yafe mini, matar nan ba ta san Yaya ba ko a mafarki.

Yamai gidan wani abokin Yaya aka sauke mu. Matarsa Bazabarma ce, Hausarta kaɗan, Zabarmancina babu, amma ta cika mu da dambu da zogale har na ji nauyi. Abin da ya ba ni mamaki, ɗanta na fari yana kwance a jikinta gaban surukarta, tana kiran sunansa tana ja masa kunne. Na ce ikon Allah, birni.

Filin jirgi kuwa, wurin ba a yi shi don mai ɗa ba. Komai naka sai an raba ka da shi. Walis aka ɗora kan wani bel ya tafi da ita ta wani rami. Bidon ruwana aka karɓe. Ƴar wuƙar da nake yanka mata lemo aka karɓe. Sannan aka zo wata ƙofa da ba ta da bango, aka ce yarinya ta fara wucewa ita kaɗai. Na ce sai dai mu wuce tare. Wani ɗan sanda ya ce, "Madam, taku biyu ne." Na ce ko ɗaya ne. Hajiya Rakiya da ke bayana ta ce, "Ke sakam mata hannu, mutane na jira!" Na saki. Ta wuce tana tsalle, ko waiwaye ba ta yi ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Cikin jirgi sanyi kamar firijin kanti. Wata ma'aikaciya mai ɗankwali a wuya ta duba tikitinmu, ta ga sunan babanmu, sai ta yi ihu ta kira ƴar'uwarta. Ɗaya cikinsu tana jin Hausa.

"Ke ce ƙanwar Mutari? To wannan ce ɗiyar tasa! Kullum sai ya nuna mana hotonta."

Ɗiyar tasa. Har ma'aikatan jirgi an gaya wa. Suka kawo mata alewa da fensirin kala, suka ɗaure mata bel. Kuna tambaya ko na ji tsoro da jirgi ya tashi. Kunnena ya toshe, hanjina ya sauka ƙasa, na karanta duk abin da na iya. Amma wallahi tsoron faɗuwa bai kai tsoron sauka ba. Abincin da suka kawo, wata ƴar shinkafa a kwanon roba da nama mai zaƙi, ban taɓa ba. Hajiya ta miƙo hannu daga kujerar baya ta ce in ba na ci in ba ta.

Yanzu ga abin da ya same ni a iyaka, ku yi dariya in kun ga dama. Da muka sauka Lome aka yi layi gaban wasu akwatunan gilashi. Wata ƴar sanda ta karɓi paspo biyu, ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta tambaya da Faransanci ko ɗiyata ce. Wannan kam na gane. Amma ga mutane a bayana, ga dattawa da furfura. Bakina ya yi abin da ya saba tun ranar suna. Na ce, "Ta yayana ce."

Fuskar matar ta canza. Ta ce mene ne sunan yarinyar. Na yi shiru, sunan Innarmu ne, kuma ɗiyar fari. Ta leƙo ta tambayi yarinyar ina mamanta. Wani ya fassara. Yarinya ta nuna ni ta ce, "Wannan Zali ce."

Nan take aka fitar da mu daga layi. Wani ɗan sanda ya riƙe hannun yarinyar, aka zaunar da ni a benci, aka zaunar da ita a wani. Ashe sun ɗauka satar ta na yi. Ni da na taho tun daga Arlit ina zargin kowa, ga shi ni ake zargi. Na fara kuka, ita ma ta fara.

Hajiya Rakiya ce ta bar layinta ta zo tana haki. Ta yi ta zuba musu Faransancin kasuwa, tana nuna ni, tana nuna cikinta, tana rufe fuska da gyale don ta nuna musu kunya. Ta sa na ciro takardar izinin da Isa ya sa wa hannu. Sannan ta juyo kaina.

"Ke wace irin sakara ta? Nan tsakar gidanku na? Nan in kin ce ba taki ba ta, amshe ta za su yi, su ba wani. Ke kika haife ta ko ba ke ba?"

Na gyaɗa kai.

Ƴar sandan ta daɗe tana kallona. Ta buga hatimi, ta faɗi wata magana. Na tambayi Hajiya me ta ce. "Ta ce a ƙasarsu ɗan fari shi ake kiran uwa da sunanshi har ta mutu." Na riƙe hannun Hajiya na yi mata godiya, na kasa gaya mata abin da na yi da biskit ɗinta.

Anti Binta ce ta tarbe mu, Yaya yana wurin aiki. Ta durƙusa a gaban mutane ta rungume yarinyar, ta daɗe ba ta tashi ba. Garin kuwa iskarsa jiƙaƙƙiya ce, kamar an rufa maka tawul mai ɗumi. Mu a Arlit kina shanya zane na ƙarshe na farko ya bushe. Can sai wanki ya kwana ya wuni yana ɗanye, gishiri ma a kwano ruwa yake zama. Babura kamar fara, mata na tuƙawa da ɗan guntun siket ba mai kallonsu. Teku na gan shi ta tagar mota, ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya. Na ce a ɗaga gilashi.

Da muka shiga gida Anti Binta ta ce, "Zo ki ga ɗakinku." Akwai babban gado, nawa. A gefe kuma ga ɗan ƙaramin gado sabo, ledar katifar ma ba a cire ba. Zanen gadon mai hoton tsuntsaye. Ƙarƙashinsa takalma ƴan ƙanana, jajaye. Wanda zai yi baƙi na ɗan lokaci ba ya sayen gado. Yarinya ta haye tana tsalle.

Yaya ya dawo da yamma. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Na duba kafaɗarsa tun kafin in gaishe shi: uku.

Ya ga inda nake kallo ya yi dariya. "Saura tashi ɗaya, Zali. Wani tsohon kwamanda zai zauna a damana, ni a hagu, da fasinjoji da komai. In ya gamsu ya sa hannu. Na so ku zo tun kafin, don in ga uwata in samu ƙarfi."

Na ce, "In bai gamsu ba fa?"

Anti Binta ta dube ni. Yaya ya ce, "Sai in koma dama. Wannan ne karo na biyu, ba a cika ba da na uku ba."

Na ciro cukunsa. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya ce a ɓoye masa sai bayan jarrabawa, yanzu ba ya cin abin da cikinsa ya manta. Na ce a raina, ko dai tsoro yake na sa wani abu a ciki? Kun ga inda zargi ya kai ni.

A falonsu akwai wani abu da ban gane ba da farko. An manna wata babbar takarda a bango, hoton gaban jirgi, maɓallai kamar ƙasa. Gabanta kujerun roba biyu. Kowace safiya Yaya zai zauna a ta hagu, Anti Binta a ta dama da takarda a hannu. Ya taɓa bango ya faɗi kalma, ta amsa. Wani lokaci ya ɗaga hannuwansa ya faɗi wata gajeruwar magana, ita ta maimaita. Babban mutum da furfura yana tuƙa bango. Yarinya kuwa ta samu wasa, ta shige tsakaninsu, yana ce mata kwamanda. Cikin ƴan kwanaki ta daina nemana in ta tashi barci.

Ranar da ya rage kwana ɗaya muna kicin ni da Anti Binta, tana koya mini tuwon masararsu mai tsami da miyar kifi. Na tambaye ta abin da suke maimaitawa.

Ta ce, "In zai ba ni tuƙi sai ya ce, jirgi yana hannunki. Ni kuma dole in ce, yana hannuna. In ban faɗa da baki ba, bai saki ba. Don kada kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ke riƙe, jirgi ya tafi ba mai shi."

"To me ya kayar da shi a karon farko? Tuƙin ne bai iya ba?"

Ta yi dariya kaɗan. "Tuƙi? Ba wanda ya fi shi. Akwai wani jirgin gwaji da suke shiga a cikin ɗaki, ana kunna musu gobara da hadari na ƙarya. Ya kashe gobarar, ya sauka lafiya. Amma yaron da ke damansa ya ga wani abu, ya buɗe baki ya rufe, yayanki bai tambaye shi ba. Mai jarrabawar ya ce masa, kai babban wa ne a gidanku ko? Ya ce e. Ya ce, an gani. Kwamanda ba wanda ya fi iya tuƙi ba ne, wanda na ƙasa da shi ba ya tsoron gaya masa gaskiya ne." Ta juya miya. "Ya dawo gidan nan bai yi magana da kowa ba har kwana ya juya."

Na so in tambaye ta gadon. Na kalli yadda take cire wa yarinyar ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, tana hura mata, na kasa. Matar nan ba muguwa ba ce. Da muguwa ce da abin ya zo mini da sauƙi.

Ranar jarrabawa ya fita da farar riga, ya ce, "Zali, a yi mini addu'a." Na shimfiɗa sallaya na ɗaga hannu, na rasa abin da zan roƙa. In ce Allah ya ba shi, na ba da ɗiyata. In ce Allah ya hana shi, yayana ne, shi ya biya mini lakwal, makarantar boko, har na bari da kaina, shi ke aiko wa Gwaggo magani. Na zauna hannuna a sama kamar mai jiran ruwa. Ƙarshe na ce, Allah ka sauke su lafiya, sauran ka fi ni sani.

La'asar ta wuce wayar Anti Binta ta yi ƙara. Ta saurara, ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka tana dariya. Na gane. Na yi guɗa, wallahi na yi, kuma daga zuciyata ta fito. Sai da na rufe baki na tuna.

Washegari abokan aikinsa suka cika gidan. Wai al'adarsu ce sabon galo sai an shayar da shi, shi mai galon ne zai ciyar da kowa. Aka gasa kifi da kaji, aka kawo lemo. Tsohon kwamandan da ya yi masa jarrabawa, wani dogo mai sanƙo, shi ya cire masa na uku ya sa masa na huɗu, ya buga masa kafaɗa har sai da ya tanƙwara. Suna ta tsokanarsa wai yanzu ya zama autan kwamandoji, duk tashin asuba da ranar salla nasa ne. Ya ciro cukuna ya rarraba musu, wata Baturiya ta ci ta nemi ruwa. Ana cikin haka Gwaggo ta kira, ya sa ta a lasifika don ta ji guɗa.

Muryarta ta cika falon. "Alhamdu lillahi! To Mutari, alkawari ya cika. Zali ta juyo, a bar yarinya ta saba."

Na tashi na shiga ɗaki. Na zauna a bakin ƙaramin gadon har baƙi suka watse.

Da safe na fito da walis ɗina ni kaɗai, na bar ta yarinyar a ɗaki. Na ce gara in yi da kaina kafin a ce in yi. Yaya yana falo yana shirin cire takardar bango. Ya dubi walis ɗin, ya dube ni. Ya jawo kujerar dama.

"Zauna nan."

Na ce, "Yaya, ni me na sani a jirgi?"

"Zauna dai."

Na zauna. Ya zauna a hagu. Muna fuskantar bango, ba mai kallon wani, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ranar suna na yi magana, Gwaggo ta amsa, mata suka yi guɗa. Na tambayi kowa ban tambaye ki ba. Ban ma lura ba sai bara, da aka kayar da ni. Gado kuma Binta ta saya, ban hana ta ba, don ni ma ina so. Ina so ƙwarai, Zali, ba zan ɓoye miki ba. Makaranta mai kyau tana bayan gidan nan. Amma yanzu ina tambayarki. Me kika gani?"

Na yi shiru.

"A bar ta?"

Na sunkuyar da kai, hawaye na zuba a cinyata.

Ya ce, "A kujerar nan shiru ba amsa ba ce. Gyaɗa kai ma ba amsa ba ce. In kin bar mini ita, ki faɗa da baki in ji. In tana hannunki, ki faɗa."

Na ji motsi a ƙofar kicin, na san Anti Binta ce. Yarinya tana waje tana wasa da jajayen takalma, ina jin ƙarar su a kan siminti. Na tuna bencin filin jirgi, da hannun ɗan sandan nan a kan nata.

Na ce, "Mariama ɗiyata ce. Ni na haife ta. Tana hannuna."

Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunan a bakina ba. Yaya ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya ɗaga hannuwansa biyu daga gwiwa, kamar yadda yake yi kowace safiya.

"Tana hannunki."

Ya share fuska da tafin hannu ya ce, "Gwaggo kuma ki bar ni da ita. Faɗan nawa ne, ni ke da galo."

Anti Binta ce ta haɗa walis ɗin yarinyar da hannunta. Ta sa takalman a sama. Na ce ta bar su, ta ce, "Wa zai sa? Gadon dai yana nan. In an yi hutu ki kawo mini ita, ke ma ki zo." Na ce to, kuma har ga Allah zan kai ta. Amma tikitin zuwa da dawowa zan ce a aiko, in kuma gani da idona.

Dawowa ba wani labari. A iyaka aka sake tambayata, na amsa tun matar ba ta rufe baki ba. Ghali ne ya kawo mu daga Agadas, na ce masa an ba aparanti makulli, ya ce a gaishe shi, ya yi haƙuri da yawa. Gwaggo ta ga mun sauko mu biyu, ta karɓi tsarabarta ba ta ce uffan ba. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma na ga tana yawan kiran Isa a waya, ban san me suke ƙullawa ba, ina dai sa ido.

Jiya da yamma yarinyar ta fita ƙofar gida, ga motocin soja na wucewa. Gwaggo tana bakin murhu, maƙwabta biyu suna zaune. Da can sai in ce, ke, ko in aiki wani ya kamo ta. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya na ce, "Mariama! Dawo nan!"

Ludayi ya faɗi daga hannun Gwaggo. Yarinya ta shigo da gudu da jajayen takalmanta, ta tsaya tana waige-waige, tana neman wanda ya kira ta.